Yadda ake gano abin da ya hana motar bas mai gas tashi

Injin gas, wanda wasu ke ce wa dizal, mutanen Nijar kuma gazuwal, ba shi da filogi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa mai a kanta ya kama da kansa. Saboda haka duk ranar da mota ta ƙi tashi, cikin abubuwa uku ɗaya ya samu matsala: ko injin ba ya juyawa da saurin da zai matse iskar, ko gas ba ya isa cikin silinda, ko kuwa yana isa amma babu zafin da zai kunna shi. Aikin mai bincike shi ne ya raba ukun nan tun kafin ya ɗora sifana a kan komai. Injeta fam, wato famfon da ke tura gas da ƙarfi zuwa nozul, wanda shi ake fara zargi a yawancin gareji, shi ya kamata ya zo a ƙarshe, domin ya fi komai tsada kuma ba kasafai laifin yake nasa ba.

Za mu yi misali da Toyota Hiace: injin 3L da 5L masu tsohon fam, da 2KD mai kwamfuta wanda ake kira kwaman rel. Tsarin binciken ɗaya ne a Sprinter da Transit da Ducato, wurin zaman kayan ne kawai ya bambanta.

Mataki na 1: Saurari kik

Murɗa makulli ka saurara. In injin na juyawa da nauyi kamar ana jan sa, to ka manta da zancen mai tukuna. Ɗora mita a kan batir: lafiyayye da ya huta yana nuna volt 12.6, in ya sauka zuwa 12.2 caji ya kai rabi. Sa wani ya yi kik kana kallon mitar. In ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaji ko kik ɗin na jan wuta fiye da ƙima. Duba kawunan batir da wayar at da ta haɗa injin da bodi. Bayan kik, taɓa su da hannu: duk wanda ya yi zafi, a nan wuta ke maƙalewa.

Kada kik ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda, a bar shi ya huta kamar rabin minti ko fiye.

Mataki na 2: Tsaya a bayan mota ka kalli salansa

Wannan gwajin kyauta ne, kuma shi ke raba hanya. Wani ya yi kik, kai kana kallon bakin salansa.

In babu hayaƙi ko kaɗan, gas ba ya shiga silinda. Bi mataki na 3 zuwa na 5.

In farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen gas, mai yaji a ido, to man na shiga amma ba ya ƙonewa. Tsallake zuwa mataki na 6.

In baƙi ne, injin na neman kamawa yana shaƙewa, iska ce ta yi masa kaɗan. Ciro filtar iska ka gwada na ɗan lokaci. Motar da ke bin hanyar burji a lokacin hunturu filtarta kan toshe tun kafin lokacin sabis ya yi.

Mataki na 3: Tanki da abin da ke cikinsa

Kada a yarda da allurar mai ita kaɗai, tana maƙalewa. Buɗe murfin tanki a hankali. In ka ji ya ja iska "fuuu", ƙofar numfashin tankin ta toshe, kuma irin wannan motar takan yi tafiya mai ɗan nisa ta mutu, a buɗe murfi ta sake tashi.

Sannan a duba man kansa. A ƙarƙashin filtar gas ta Hiace akwai wurin tara ruwa mai ɗan murfin da ake kwancewa da hannu. Sa kwalba mai haske a ƙasa, sassauta murfin, ka danna famfon hannu da ke saman filtar. Bar kwalbar ta zauna minti biyu. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa a ga layinsa sarai. Shinshina: in akwai warin fetur, kada a sake yin kik, a juye tankin gaba ɗaya. Gas ne ke shafa wa cikin fam maiƙo, fetur da kananzir kuwa wanke shi suke yi, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Man da aka saya a jarka ko tsohuwar durom shi ya fi zuwa da ruwa da tsatsa.

Mataki na 4: Iska a layin mai

A nan ne yawancin matsalar take, a nan kuma ya kamata a daɗe. A injin 3L da 5L da 2KD babu famfon lantarki a cikin tanki. Injeta fam ne ke zuƙo mai tun daga baya, ta cikin filta. Tun da zuƙa ake yi ba turawa ba, ƙaramar kafa a tiyo ba za ta ɗigar da mai a ƙasa ba, iska za ta riƙa sha. Shi ya sa mutum zai leƙa ƙarƙashin mota ya ga ko'ina a bushe, ya rantse layinsa lafiya lau, alhali ta nan ake yi masa ɓarna.

Alamarta sananniya ce. Motar da ta kwana sai an daɗe ana kik, ko ta tashi ta yi daƙiƙa kaɗan ta mutu, amma da rana in an kashe an kunna nan take sai ta kama. Cikin dare iska ta shiga, man ya gangara ya koma tanki. In ajiye ta da hanci a gangare yana rage wahalar, zargin ya ƙara ƙarfi.

Danna famfon hannu. In layin a cike yake, zai yi tauri bayan 'yan dannawa. In ka yi ashirin ko talatin bai yi tauri ba, ko dai iska na shiga ko robar cikin famfon ta mutu. In kuma ka danna ya lotsa ya ƙi dawowa sama, wani abu ya toshe tsakaninsa da tanki, galibi rariyar da ke bakin bututun cikin tankin.

Don gani da ido, cire tiyon da ya tashi daga filta zuwa fam ka sa farin tiyo mai haske a madadinsa. 'Yan ƙananan kumfa jefi-jefi ba komai ba ne. Jerin kumfa da ba ya yankewa shi ne shaida. Mayar da farin tiyon gaban filta, wato ɓangaren tanki: in can babu kumfa, iskar daga kan filta take shiga. Wuraren da aka fi kamawa su ne robar filta da aka ɗaura a karkace ko aka bar tsohuwa a ƙarƙashin sabuwa, robar na'urar ruwa da ke gindin filta, kan famfon hannu da ya tsage, bakin tiyo da ya bushe ya dare a ƙarƙashin kilif, da bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a saman tanki.

Gwajin da ke yanke gardama shi ne na galan. Zuba gas mai tsabta kamar lita 4 a galan, tace shi da kyau, ka ja tiyo daga ciki kai tsaye zuwa bakin fam, tiyon da ke mayar da mai shi ma ka sa shi cikin galan ɗin. In mota ta tashi ta zauna daidai, fam da nozul sun fita daga zargi, laifin yana tsakanin tanki da filta. A kwaman rel kada a tsallake filta ko na minti ɗaya, a sa galan ɗin a gabanta, domin ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta lalata injeta.

Bayan gyara sai a fitar da iska. Cika da famfon hannu har ya yi tauri. A tsohon injin, in har yanzu ta ƙi, sassauta notin bututun nozul biyu da sifana 17, rabin juyi ya isa, a yi kik har mai ya fara tsartuwa babu kumfa, a ɗaure. Kada hannu ya kusanci wurin: nozul na 3L yana buɗewa ne a matsin da ya kai kimanin bar 150, kuma gas mai irin wannan ƙarfi yana huda fata.

Mataki na 5: Mai ya iso fam amma bai fita ba

A fam na 3L da 5L akwai sulenoid mai waya ɗaya a bayansa, shi ke buɗe wa mai hanya in an kunna makulli, shi ke kashe injin in an rufe. Kunna makulli, cire wayar ka taɓa ta a kan notinta: ya kamata ka ji "ƙas". In shiru, auna wayar. Babu volt 12, sai a bi fis da makulli da duk wani abin hana sata da rewaya ya taɓa ƙarawa a layin. Akwai wuta amma babu ƙara, sulenoid ɗin ne. A lura, 5L-E mai harafin E a ƙarshe kwamfuta ce ke sarrafa fam ɗinsa, wannan gwajin bai shafe shi ba.

Leƙa bel ɗin taimin ma, domin a injinan L shi ke juya fam. In ya tsinke, sautin kik yakan canza, kuma ci gaba da kik ɓarna ce. A injinan L ana canza shi duk kilomita 100,000.

Kwaman rel kuwa hukuncinsa daban. Ba a sassauta bututunsa ana kik, matsin cikinsa yana iya haura bar 1,300 in injin na aiki. Na'urar karanta kwamfuta ake sawa a kalli matsin rel, wato bututun da ke tara mai ya raba wa nozul, lokacin kik. Sai ya kai wajen bar 200 zuwa 300 kafin kwamfuta ta ba injeta, wato nozul na wannan injin, izinin fesawa. Lambar P0087 na nufin matsin ya yi ƙasa, P0093 mai na zurarewa da yawa, P0335 kuma na'urar da ke karanta juyin kiransha ce, wadda in ta mutu za a ga na'urar bincike na nuna sifili a juyin injin alhali yana juyawa. In matsin ya ƙi hawa kuma filta sabuwa ce, a yi gwajin kwalabe: a cire tiyon da ke mayar da mai daga kan kowace injeta, a sa wa kowacce tata kwalbar, a yi kik daƙiƙa 10. Wadda kwalbarta ta fi sauran cika nesa ba kusa ba, ita ke zubar da matsin. Irin wannan motar ta fi wahalar tashi in ta yi zafi, saboda man ya tsinke. In kwalaben sun yi daidai, sai a koma kan bawul ɗin SCV da ke jikin fam na kamfanin Denso, mai daidaita yawan man da fam ke zuƙa, wanda ke maƙalewa in ya sha datti. Fitilar makulli da ke ta ƙiftawa a dashbod kuma tana nufin motar ba ta gane makullin ba.

Mataki na 6: Farin hayaƙi, wato rashin zafi

Fara da hita, wato 'yan sandunan lantarki da ke ɗumama cikin silinda kafin injin ya tashi. Fitilarta ta kama a dashbod ba ya nufin hitocin na aiki. Auna ƙarfen da ya haɗa kawunansu da zarar an kunna makulli injin na sanyi. In wuta ba ta zuwa, rile ne ko babban fis. In tana zuwa, cire ƙarfen ka auna kowace hita ita kaɗai tsakanin kanta da jikin injin. Lafiyayya kan nuna tsakanin om 0.5 da 2, matacciya ba ta nuna komai. In ba a cire ƙarfen ba, mai rai ɗaya za ta rufa wa matattu uku asiri. Injin 3L da 5L sun dogara da hita sosai, mutuwar biyu ta isa ta hana su tashi da asubar hunturu.

Al'adar nan ta jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin iska, ko fesa maganin tashi, a bar ta. Yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, ga hita da ta yi ja a ciki, ƙarshenta a karya zobe ko a lanƙwasa kwanrod.

In hita lafiya, sai a auna matsin silinda ta ramin hitar. A 3L da 5L lafiyayyen injin yana ba da kilo 32 a kan kowane murabba'in santimita, mafi ƙaranci 20, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Injin da ya sauka ƙasa da haka shi ne wanda ba ya tashi sai an tura, yana kuma busa hayaƙi ta murfin baƙin mai. In matsin ya cika, a duba alamomin taimin ko bel ya tsallake haƙori, a kai nozul wurin masu gwaji a ga yadda yake feshi da matsin da yake buɗewa. Sai waɗannan duka sun fita lafiya sannan a kwance fam a kai shi bencin gwaji, kuma a tafi da nozul ɗin tare, domin a saita su a zama ɗaya.