Logbuk a Waya: Abin da Sabon Ɗalibin Tuƙin Jirgi Zai Duba Kafin Ya Zaɓi Manhaja

Barkanku da sauka, 'yan'uwa da ƙanne maza da mata da kuka zo ƙasar waje domin koyon tuƙin jirgin sama. A makonnin farko hankali yakan tafi kan masauki, layin waya, asusun banki da gwajin lafiya, sai a bar maganar logbuk, wato littafin da matuƙi ke rubuta sa'o'in tashinsa, a baya kamar wani ƙaramin abu. Ina roƙonku ku jawo ta gaba. Duk sa'ar da aka biya muku kuɗinta da gumin iyaye ko na gwamnati, in ba ta shiga littafin nan yadda hukuma ke so ba, a wajen mai jarrabawa tamkar ba a yi ta ba. Kuma wannan littafi ne zai bi mutum tun daga tashinsa na farko da malami har ranar da zai cika sa'o'i 1,500 na neman ATPL, lasisin matuƙi mafi girma, har ma bayan nan.

Yau kusan kowane ɗalibi yana son ya ajiye sa'o'insa a waya ko a iPad, kuma hakan daidai ne. Manhaja tana yi maka lissafi, tana tuna maka abin da ya kusa ƙarewa, ba ta jiƙewa, ba ta ɓata a tasi. Sai dai kafin ka tambayi abokin ɗakinka wadda yake amfani da ita, tambayi kanka tukuna: a ƙarƙashin wace hukuma nake karatu, kuma a ƙarƙashin wace hukuma nake fatan yin aiki?

A Amurka hukumar FAA ce, kuma dokar logbuk tana sashe na 61.51. A ƙasashen Tarayyar Turai EASA ce, ƙa'idarta FCL.050. Birtaniya tana da tata CAA, wadda ta ware daga tsarin EASA tun farkon 2021. Afirka ta Kudu, inda yaranmu da dama ke zuwa, tana da SACAA. Dukkansu sun ɗora ne a kan ginshiƙin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, amma wajen ƙirga sa'o'i kowa da yadda ya karkata, kuma a nan ne ɗalibin da zai ƙetare iyaka da lasisinsa ke shiga matsala ba tare da ya sani ba.

Ɗauki maganar PIC, wato lokacin da kai ne shugaban jirgi. A tsarin FAA, da zarar ka samu lasisin da ya ba ka damar tuƙa irin jirgin, kana iya rubuta PIC muddin kai kaɗai ne hannunka ke kan tuƙi, ko da malami yana zaune a gefenka yana koya maka wani sabon darasi. Sa'a guda sai ta shiga gida biyu a shafin logbuk, na PIC da na koyarwa, kuma babu laifi a can. A tsarin EASA ba haka ba ne. In malami yana koya maka, sa'ar ta koyarwa ce kawai, shi ne shugaba. Su kuma suna da nasu gidajen, irin su SPIC da PICUS, wato aikin shugaba ƙarƙashin kulawar wani, masu buƙatar sa hannun wanda ya sa ido a kanka. To ka ga wanda ya tara sa'o'insa a Amurka, ya zo neman sauya lasisi zuwa na Turai, zai iya tarar da cewa wani kaso na PIC ɗinsa ba ya karɓuwa. Ba ƙarya ya yi ba, ma'auni ne ya bambanta. Manhaja ta kirki ita ce wadda za ta bar ka ka bambance, tun daga yau, sa'o'in da kai kaɗai ne shugaba na haƙiƙa da waɗanda malami ke cikin jirgi, ta yadda duk ranar da aka tambaya za ka fitar da kowanne daban cikin 'yan mintoci. In manhajar tana ba da damar ƙara gida na kanka, ka ƙara shi tun a makon farko. Zama a tace tashi ɗari uku ɗaya bayan ɗaya, bayan shekara biyu, wahala ce da ban so wa kowa ba.

Haka maganar tafiya tsakanin filaye. Domin neman lasisin PPL (na tuƙi don kai) ko CPL (na tuƙin sana'a), FAA tana ƙirga tafiyar ne in an sauka a filin da ya zarce mil 50 na teku, a miƙe, daga inda aka tashi. EASA ba ta sa wannan tazara a ma'anarta ba. Abin da ta duba shi ne an bi hanyar da aka tsara tun kafin tashi. Manhajar da ta san nisan filaye za ta taimake ka ka ware biyun.

Sai dare. A Amurka lokacin da ake rubutawa a matsayin dare daban yake da lokacin da saukar dare ke ƙirguwa domin ɗaukar fasinja. Na farko yana farawa ne bayan jan almuru ya gama ɓacewa. Na biyu kuwa sai awa guda bayan faɗuwar rana, zuwa awa guda kafin fitowarta, kuma tashi uku da sauka uku ake so cikin kwana 90, kowace sauka a tsaya cak. Manhajoji da yawa suna lissafa wannan da kansu daga sunan fili da lokaci, amma sai in ka ba su lokacin gaskiya. Wanda ya saba da agogon da ba ya motsi duk shekara ya sani cewa a Turai da yawancin Amurka ana tura agogo gaba da baya sau biyu a shekara. Ka saita manhajarka a kan UTC, agogon duniya na bai ɗaya da ba a tura shi, ka huta. Shi ne ma abin da tsarin EASA ya tanada. Sunayen filaye kuma ka rubuta su da haruffa huɗu na ICAO, kamar EGLL na Heathrow, ba haruffa uku na tikitin fasinja ba.

Akwai wani ƙaramin tarko na lamba. Makarantun Amurka suna rubuta 1.3, na Turai kuma awa da minti. Wannan 1.3 ba awa ɗaya da rabi ba ce, awa ɗaya ce da minti 18, domin kowane 0.1 minti shida ne. Ka tabbatar manhajar tana juya ɗaya zuwa ɗaya. Ka kuma tambayi malaminka ko da agogon Hobbs, wanda ke ƙirga lokacin aikin jirgi, ake rubuta sa'o'i a makarantar, ko daga lokacin da jirgi ya fara motsi zuwa tsayawarsa, sannan ka tsaya a kan abu guda.

Yanzu sa hannu, wanda a ganina ya fi komai nauyi ga ɗalibi. Darasin da malami bai sa wa hannu ba rubutunka ne kai kaɗai. FAA tana karɓar sa hannu na na'ura, kuma manhajoji irin su ForeFlight da MyFlightbook suna ba malami damar sa hannu a kan allo ko ma daga nesa. A Turai kuwa kowace ƙasa hukumarta ce ke faɗin irin logbuk na na'ura da take karɓa, don haka abin da ya wuce a wata ƙasa ba lalle ya wuce a maƙwabciyarta ba. Kada ka dogara da tallan da ke cewa manhaja ta dace da dokar kaza. Je ka ofishin babban malamin makarantarku ka tambaya baki da baki: me mai jarrabawa ke son gani ranar gwaji?

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya riƙe biyu har ya gama lasisin CPL: littafin takarda mai sa hannun biro da hatimin makaranta, da kuma manhaja. Na san aiki biyu ne. Amma malaman makarantun tuƙi ba sa daɗewa. Da zarar sa'o'insu sun cika sai su wuce kamfanin jirage, makarantu ma sukan rufe. Ranar da ka koma gida neman sauya lasisi a NCAA ta Najeriya ko ANAC ta Nijar, ko ka zauna gaban masu ɗaukar aiki, littafin da ake iya buɗewa a ga tawada da hatimi yana rage dogon bayani. Ka kuma tuna cewa ɗalibi a Amurka dole ya tafi da logbuk ɗinsa in zai yi tafiyar solo, wato shi kaɗai ba malami, tsakanin filaye, domin izinin malami a ciki yake. In a waya kaɗai izinin yake, caji ya ƙare, me za ka nuna?

Game da su manhajojin, ba zan ce maka ga wadda ta fi ba, amma ga yadda suke. LogTen, wadda kamfanin Coradine ya ƙirƙira, an gina ta ne domin na'urorin Apple, kuma matuƙan kamfanoni da yawa suna ji da ita. ForeFlight ma ta iPad da iPhone ce. Asalinta manhajar taswira da tsara tafiya ce, logbuk yana cikin kuɗin rajistarta, saboda haka in makarantarku ta riga ta wajabta ta, kana da logbuk a hannu. Garmin Pilot tana aiki a kan Android da Apple duka. CrewLounge PILOTLOG, wadda a da ake kira mccPILOTLOG, tana aiki a kan waya da kwamfuta iri-iri, tana buga shafuka a tsarin hukumomi da dama, abin da ke da amfani ga mai shirin sauya ƙasa. MyFlightbook kyauta ce, da gudummawar masu amfani da ita take tafiya, tana buɗewa a intanet da kowace waya. Fuskarta ba ta kai na sauran ƙyalli ba, amma ga ɗalibin da ke ƙirga kowane kuɗi, ni ba na ganin aibu a fara da ita. Mai wayar Android kada ya ji dole sai ya sayi iPad saboda logbuk kaɗai.

Kowace ka ɗauka, ka yi mata gwaji guda kafin ka zuba mata sa'o'inka. Shigar da tashi biyu ko uku, sannan ka nemi inda ake fitar da bayanai. Tana ba ka fayil na CSV da za ka buɗe a Excel ko ka kai wata manhajar? Tana buga PDF mai shafuka irin na hukumarka, da jimillar kowane shafi da wurin sa hannu? In ka daina biyan kuɗin shekara, za ka ci gaba da ganin abin da ka rubuta, ko ƙofa za ta rufe? Wannan tambaya ta ƙarshe ka nemi amsarta a rubuce. Tsakanin gama makaranta da samun aikin farko akan yi zaman jira mai tsawo, aljihu ba nauyi, kuma a lokacin ne kake matuƙar buƙatar takardunka. Kamfanonin manhaja ana sayar da su, farashi yana tashi, wasu suna mutuwa. Sa'o'in naka ne, kada ka ba da su ajiya inda ba za ka iya karɓowa ba. Ka kuma kashe intanet ɗin wayar ka ga ko za ta bari ka rubuta, domin ƙananan filaye da yawa ba su da sabis.

Akwai abin da ya shafe mu baƙi musamman. Kada ka yi rajista da imel ɗin makaranta, domin ana rufe shi bayan ka gama. Kada kuma ka ɗaure lambar sirrin shiga da layin wayar ƙasar da kake karatu kaɗai; ranar da biza ta ƙare ka tafi, layin zai mutu, saƙon tabbatarwa ya riƙa zuwa inda ba ka. Yi amfani da imel naka na dindindin, ka rubuta lambobin ceto, na shiga asusu in layin ya mutu, a takarda ka haɗa da fasfo. Duk ƙarshen wata ka fitar da CSV da PDF ka tura wa kanka, ka ɗauki hoton kowane shafi na takarda da malami ya sa wa hannu. Yawancin manhajojin suna barin a liƙa hoto a jikin tashi.

Rubutu kuwa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: ka shigar da tashi kafin ka bar filin, malami na tsaye ya sa hannu. Sa'o'in simuleta, na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasa, suna da gidansu daban, kada su shiga jimillar sa'o'in jirgi. Lokaci-lokaci ka karɓi takardar sa'o'inka daga ofishin makaranta ka gwada da abin da ke wayarka da na littafi. In an samu bambancin ko da minti shida ne, a gano shi tun malamin yana nan. In ka yi kuskure a takarda, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, ka rubuta daidai, ka sa hannu a gefe. A manhaja kuma ka sani cewa gyara tashin da aka riga aka sa wa hannu yakan soke sa hannun, sai malami ya sake. Ƙarin sa'ar da ba a yi ba kuwa, ko da wani ya ce maka kowa na yi, laifi ne da hukumomi ke ƙwace lasisi a kansa, kuma lambar jirgi da ranar da ka rubuta ana iya gwada su da littafin jirgin kansa.