Yadda ake amfani da kalmar "rescue" a Turanci

Kafin ka sa "rescue" a jimla, duba abu biyu. Na farko, mutumin ya riga ya faɗa cikin haɗarin, ba wai ana tsoron ya faɗa ba. Na biyu, wani ne ya je ya fito da shi. In ɗaya ya ɓace, wata kalmar ake nema. Wanda ya sulale daga hannun masu garkuwa da ƙafarsa "escaped" ya yi. Wanda ya fita da ransa daga haɗarin mota kuwa "survived".

Fara da furuci. Gaɓa biyu ce, res-kiyu, kuma a kan ta farko ake danna murya, ko suna ce ko aikatau. Siffofinta huɗu: rescue, rescues, rescued, rescuing. A ta ƙarshen ana jefar da harafin e, saboda haka "rescueing" kuskure ne, kuma ɗalibai na yawan asarar maki a kansa. Mai aikin ceton shi ne "rescuer".

Sai ginin jimla: mai ceto, sannan rescue, sannan wanda aka ceta, sannan "from" da haɗarin. Misali, "Fishermen rescued the boy from the river", wato masunta sun ceto yaron daga kogi. Kada ka bar aikatau ɗin tsirara. Dole a faɗi wa aka ceta. Idan ba mai ceton ne abin labari ba, juya jimlar. Masu haƙar ma'adinai 33 da suka kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa a Chile a 2010, za ka ce "The miners were rescued after 69 days". A nan ne "by" da "from" ke rikita mutane. "By" na mai ceto ne, "from" na haɗari. Ka rubuta "rescued by the fire", ka mai da wuta jaruma ke nan.

Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne tsakaninta da "save", domin "ceto" ɗinmu ya fi "rescue" faɗi. Muna cewa likita ya ceci ransa, amma Bature ba ya cewa "rescued his life". "Saved his life" yake cewa. Mutum ake "rescue", rai kuma "save". Haka nan tara kuɗi, rage ɓata lokaci, adana rubutu a kwamfuta, da ƙwallon da mai tsaron gida ya tare, duk na "save" ne. Ceto na ranar lahira ma ba "rescue" ba ne. "Intercession" ko "salvation" ake cewa, gwargwadon abin da ake nufi. Kayan da aka tsamo daga jirgin da ya nutse ko shagon da ya ƙone, "salvage" ta fi dacewa da su.

Mai fassara labarai ya ƙara kula da wannan: idan masu garkuwa ne suka saki mutane da kansu, "released" ne ko "freed". Sai jami'an tsaro sun ƙwato su ne ake cewa "rescued". Musanya su sauya labari ne gaba ɗaya.

A matsayin suna, tana zama gaban wani sunan ba tare da ƙarin s ba: rescue team, rescue boat, rescue operation, kamar aikin fito da yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang a Thailand a 2018. Akwai kuma "come to the rescue", wato kawo ɗauki. "To" ake sawa, ba "for" ba, kuma ba sai an shiga haɗarin gaske ba. Maƙwabcin da ya ranta maka kuɗin mota ranar da aljihu ya bushe, "he came to my rescue".