Yadda za a gane zamewar haƙarƙari idan matashi yana kukan ciwon ƙirji

A Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi, idan matashi ya dafe ƙasan ƙirjinsa yana kukan ciwo, olsa ake fara zato, sai a nufi kemis. Wani lokaci kuwa haƙarƙari ne ke zamewa. Haƙarƙari na 8 da na 9 da na 10 ba su haɗe da ƙashin ƙirji kai tsaye ba, guringuntsi ne ke riƙe da kowanne a jikin na samansa, kuma idan wannan riƙo ya saki, bakin ƙashin yakan shige ƙarƙashin ɗan uwansa ya danne jijiya. Tun 1919 likitan Ingila Edgar Cyriax ya bayyana matsalar, amma har yau ana yawan tsallake ta.

Da farko a kawar da haɗari. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko haki, ko suma a filin ƙwallo, ko kuwa yaron mai sikila ne, a kai shi asibiti nan take, ko a kira lambar agajin gaggawa ta Ghana, 112.

In babu waɗannan, a ce ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Ciwon zamewa yakan tsaya gefe guda, ya soka kamar tsinke lokacin tari ko dariya, ko juyi a shimfiɗa, ko sunkuyawa ɗaukar bokiti, sannan ya bar raɗaɗi na sa'o'i. Wasu sukan ji ƙas, kamar wani abu ya goce. A lura ko ciwon yana da alaƙa da cin abinci, domin na haƙarƙari motsi yake bi. A rubuta duk wannan a kai wa likita, a kuma roƙe shi ya duba haƙarƙarin da hannu: yakan sa yatsunsa ƙarƙashin gefen ƙashin ya ɗaga sama, idan ciwon ya dawo, alama ce mai ƙarfi. Kada hoton ƙashi mai kyau ya rufe maganar, tunda guringuntsi ba ya fitowa a cikinsa. Sikani irin wanda ake yi wa masu ciki, idan aka yi shi yaro yana motsi, shi ne ke nuna zamewar.

A ganina, kai shi wurin mai ɗori kuskure ne, domin babu karaya, matsa kuwa ƙara ciwo take yi. Hutu daga wasa da ɗaukar kaya, da ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, da farasitamol sukan wadatar. Idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, a tambayi likita game da allurar kashe zafin jijiyar, ko tiyatar cire guringuntsin da ya saki.