Ɗaliban Masar, kada ku bar katinku a ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman sababbin zuwa Azhar da Jami'ar Alƙahira.

Duk ranar da za ku fita ziyarar wuraren tarihi, ku sa katin ɗalibta a aljihu, wanda Misrawa ke kira "karne". Ku haɗa da fasfo.

Tikitin baƙo a Masar ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Amma ɗalibi baƙo rabin kuɗin yake biya. Haka abin yake a Dalar Giza, da gidan tarihi na Tahrir, da Ƙal'ar Salahuddin (tsohon sansanin tsaro mai ganuwa a Alƙahira), har tsohon wurin bauta na Karnak can Luksor. Ku nuna katin tun kafin a buga tikiti, domin in an riga an buga, gyara sai a hankali.

Katin da ya ƙare ba ya aiki, don haka ku sabunta shi da an shiga sabuwar shekarar karatu. Masu koyon Larabci a markaz mai zaman kansa kuma, ba ko'ina ake karɓar nasu ba. Akwai ma wuraren da ke da iyakar shekaru, sai ku tambaya tukuna.

Ku tafi da katin banki. Manyan wuraren da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi.