Darasi na Bakwai: Iskar da Ta Dace da Tayar Hunturu a Motar Jif

A ƙasashen da dusar ƙanƙara take sauka, irin su Kanada da Rasha da Finland da Jamus, mai mota yakan ajiye tayoyi kashi biyu, na lokacin zafi da na hunturu, yana sauya su idan shekara ta juya. An yi tayar hunturu da roba mai laushi wadda ba ta sandarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salsiyos, kuma zanenta yana da zurfi da ƙananan tsaga-tsaga masu yawa da suke kama ƙanƙara. Ana gane ta da alamar da ke gefenta, wato zanen tsauni mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. A lardin Kwibek na Kanada doka ta wajabta sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Sai dai sayen tayar rabin aikin ne. Iskar da ke cikin taya ita ce take ɗauke da nauyin mota, ita ce kuma take daidaita yadda fuskar tayar za ta kwanta a kan hanya. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum da kaɗan ba, kuma a kan waɗannan wurare huɗu birki da sitiyari suka dogara. Jif, wadda masu ƙera motoci suke kira SUV, ta fi ƙaramar mota nauyi da tsawo, saboda haka kuskuren iska ya fi saurin bayyana a jikinta.

Inda ake samun lambar

Kamfanin da ya ƙera motar shi ne yake faɗin yawan iskar da za a sa, domin shi ya san nauyinta da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya. Idan aka buɗe ƙofar direba za a ga wata takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar, a wasu motocin kuma tana bayan murfin tankin mai, sannan tana cikin littafin motar. A kanta an rubuta girman taya da iskar tayoyin gaba da ta tayoyin baya. A motoci da yawa layi biyu ne: ɗaya na mota mai ɗauke da mutum biyu ko uku, ɗaya kuma na mota cike da mutane da kaya, inda lambar baya takan fi girma. Wanda zai yi doguwar tafiya da iyalinsa, ya cika bayan jif da akwatuna, layi na biyu ne nasa.

Akwai wata lamba a jikin tayar kanta, wadda take ruɗar mutane da yawa. Sau da yawa za a ga 44 ko 51 kusa da haruffan psi, wato ɗaya daga cikin ma'aunan iskar taya. Wannan ita ce iyakar iskar da aka yarda a sa wa tayar, kuma kamfanin tayar ne ya rubuta ta ba tare da ya san motar da za a ɗaura wa tayar ba. Duk wanda ya cika taya zuwa wannan lamba zai ji motar tana tsalle a kan kowane gargada, tsakiyar tayar zai riga gefenta cinyewa, riƙonta a kan ƙanƙara kuma zai ragu.

Ana auna iska da ma'auni iri uku, wato bar da kPa da psi, kuma ya kamata ɗalibi ya iya karanta dukansu, domin takardar ƙofa tana iya zuwa da ɗaya, geji, wato abin auna iskar taya, ya zo da wani. Bar 1 daidai yake da kPa 100, kuma kusan psi 14.5 ne. Ke nan bar 2.4, wanda ake karantawa biyu da ɗigo huɗu, shi ne kPa 240, shi ne kuma kusan psi 35. Jif da yawa iskarsu tana tsakanin bar 2.2 da 2.6 idan ba su da lodi, amma wannan bai isa a yi aiki da shi ba, sai an duba takardar motar da ke gabanmu.

Yadda sanyi yake rage iska

Iska tana takurewa idan ta yi sanyi, tana buɗewa idan ta yi zafi. Don haka taya tana iya yin ƙasa ba tare da ƙusa ta soke ta ba. Duk lokacin da sanyi ya sauko da digiri 10, taya tana rasa abin da ya ɗan haura bar 0.1, wato wajen psi ɗaya da rabi zuwa biyu. Ban da wannan, ko lafiyayyar taya ce tana sacewa a hankali ta jikin robar, kusan psi 1 a kowane wata.

Mu ɗauki misali. An ɗaura wa jif tayoyin hunturu a watan Oktoba, ranar da ma'aunin zafi yake nuna digiri 15, aka sa musu bar 2.4 kamar yadda takardar ƙofa ta ce. A watan Janairu aka wayi gari da digiri 15 ƙasa da sifili. Tazarar digiri 30 ce, wadda ta ci kusan bar 0.35. Wata ukun da suka wuce sun ci wani bar 0.2. Abin da ya rage a tayar bai wuce bar 1.85 ba, ma'ana ta kusa rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, alhali mai motar yana ganin ai kwanan nan aka yi mata iska. Da ido ba za a gane ba, domin tayar zamani tana iya rasa wannan adadi ba tare da ta nuna alamar kwantawa ba, balle kuma a ce ƙasanta yana cikin dusar ƙanƙara.

Gareji mai ɗumi ma yana yaudara ta wannan hanya, kuma a ganina shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Lambar da ke kan takardar ƙofa ana nufin ta samu ne a cikin sanyin da motar za ta yi tafiya a ciki. Idan bakanike ya sa bar 2.4 a cikin garejin da yake da digiri 20, a waje kuma ana digiri 10 ƙasa da sifili, to da zarar motar ta kwana a waje gejin zai nuna kusan bar 2.05. Maganin abin shi ne a ƙirga tazarar da ke tsakanin ciki da waje, a ƙara kimanin bar 0.1 a kan kowane digiri 10. A wannan misali sai a sa bar 2.7 ko ɗan sama da haka a cikin garejin, sannan washegari da safe a sake aunawa a waje a gyara abin da ya saura.

Wannan ne ya sa wasu masu ƙera motoci da tayoyi suke ba da shawarar a ɗora bar 0.2, wato kusan psi 3, a kan lambar da aka saba idan tayar hunturu ce. Suna kuma la'akari da cewa robarta mai laushi ce, ɗan ƙarin iska yana sa sitiyari ya fi amsawa. Idan littafin motar ya ba da lamba ta musamman domin tayar hunturu, ita za a bi. Idan bai ce komai ba, lambar ƙofa ita ce tushe, kuma ƙarin bar 0.2 ba ya cutarwa matuƙar bai kai iyakar da ke jikin tayar ba.

Masu cewa a rage iska

Akwai tsohuwar magana tsakanin direbobi cewa idan ƙanƙara ta sauka a rage iska domin tayar ta baje ta kama ƙasa. Maganar tana da asali, domin masu ratsa dusar ƙanƙara mai zurfi a inda babu hanya suna yin haka don kada motar ta nutse, suna tafiya a hankali ƙwarai, kuma suna ɗauke da famfon da za su mayar da iskar da zarar sun hau kwalta. A kan titi kuwa lamarin ya bambanta. Tayar hunturu tana aiki ne idan nauyin mota ya danna zanenta ya huda dusar ƙanƙara ko ya kore ruwan da ta narke ta bari. Idan iska ta yi ƙasa, tsakiyar tayar yana ɗagawa, nauyi ya koma gefe biyu, hanyoyin da ruwa yake bi ya fita su matse, tazarar tsayawa bayan an taka birki ta ƙaru. Gefen tayar kuma yana lanƙwasa fiye da kima, sai jif mai tsawo ta riƙa rinjaya a kwana, ta ƙara shan mai, kuma idan ta faɗa ramin da ƙanƙara ta fasa a titi, wili yana iya tsaga tayar.

Haɗarin ƙarancin iska a jif ya fito fili a Amurka a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5, mafi yawansu a kan motar Ford Explorer, bayan haɗurra da dama inda fuskar taya ta ɓare motar ta kife. A lokacin zafi aka fi samun waɗannan haɗurra, kuma ƙarancin iska yana cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kansu. A sanadin haka aka yi dokar da ta sa tun daga 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka take zuwa da na'urar da ke lura da iskar taya. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga dukan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba 2014.

Na'urar tana kunna fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba, amma ba ta maye gurbin geji ba. A ƙa'idar Amurka ba dole ne ta kunna ba sai taya ta rasa kashi 25 cikin 100 na iskarta, wato taya mai psi 35 sai ta sauko wajen 26. Jif ɗin da muka yi misali da ita a watan Janairu tana iya yin yawo da bar 1.85 fitilar ba ta ce komai ba. Idan kuma fitilar ta kama da asuba ta mutu bayan an ɗan yi tafiya, wannan alama ce cewa iskar tana bakin iyaka, ɗumin tafiya ne kawai ya ɗaga ta, kuma tayar tana bukatar ƙari a ranar.

Mai jif da ke ja da ƙafa huɗu yana da ƙarin dalilin kula. Irin wannan mota tana son tayoyinta huɗu su riƙa juyawa daidai da juna, kuma taya mai ƙarancin iska tana ɗan gajarta, sai ta fi sauran yawan juyawa, abin da yake wahalar da kayan da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun. Ja da ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi a kan santsi, amma ba ya rage tazarar birki ko kaɗan. Haka kuma idan an sayi tayar hunturu da girmanta ya bambanta da na asali, kamar yadda wasu suke zaɓar siririya a kan ƙaramin wili, dole a tabbata lambar nauyin da ke jikinta ba ta gaza ta asali ba, a kuma nemi iskar wannan girman a takardar ƙofa ko a wurin mai sayar da tayar.

Yadda ake aunawa

Ana auna taya tana sanyi, wato bayan motar ta tsaya aƙalla awa 3, ko kuma ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Da safe kafin rana ta bugi gefe ɗaya na motar ya fi. A kwance murfin bawul a riƙe shi a aljihu, domin idan ya faɗa cikin dusar ƙanƙara da wuya a gan shi. A danna bakin geji a miƙe har ƙarar fitar iska ta ɗauke, sannan a karanta. Bayan an ƙara iska a sake aunawa, a mayar da murfin a ɗaure, domin shi yake hana ruwa da gishirin da ake zubawa a titi shiga bawul, inda ruwan zai iya daskarewa ya riƙe shi a buɗe. Idan tilas ta sa an auna bayan doguwar tafiya, za a ga lambar ta hau da kimanin bar 0.2 zuwa 0.3. Kada a sace wannan ƙarin, domin da tayar ta huce zai tafi da kansa.

Sau ɗaya a wata shi ne mafi ƙaranci, amma a tsakiyar hunturu gara a auna duk mako biyu, da duk ranar da sanyi ya sauko farat ɗaya, da kuma kafin doguwar tafiya. Kada a manta da safaya: ƙaramar safaya ta wucin gadi takan bukaci bar 4.2, wato psi 60. Idan hunturu ya fara ja da baya lissafin yana juyawa, tayar da aka cika a tsananin sanyi za ta hau sama da lambarta, sai a auna a rage.

Aikin yi

Takardar ƙofar wata jif ta ce bar 2.3 a gaba, bar 2.5 a baya. Za a yi mata iska a garejin da yake da digiri 18, a waje kuma ana digiri 2 ƙasa da sifili. Ku fara nemo tazarar digirin, sannan ku rubuta iskar da za a sa a gaba da wadda za a sa a baya. Bayan haka ku mayar da bar 2.5 zuwa kPa da kuma psi. Daga nan kowa ya bayyana wa na kusa da shi, da bakinsa, abin da zai gaya wa direban da ya auna tayarsa bayan tafiyar awa biyu, ya ga bar 2.8 a maimakon 2.5, ya kama bawul zai sace iskar.