Yadda Ake Zaɓen Bidiyo Mai Kaset Don Naɗar Shirye-shiryen Talabijin a Gida

Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyo mai kaset samfurin VHS, ya daina ƙera shi a shekarar 2016, saboda haka kusan duk wanda za ka tarar a kasuwa yau na hannu ne. Wannan ya sa lafiyar na'urar ta fi sunan da ke rubuce a goshinta muhimmanci, ko da kuwa JVC ne, kamfanin da ya fito da VHS a 1976.

Da farko, ka juya bayan na'urar ka karanta abin da aka rubuta game da wuta da tsarin hoto. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana aiki da wuta mai ƙarfin volt 120 da tsarin NTSC, alhali wutarmu tana tsakanin 220 da 240, tsarin hoton Nijeriya kuma PAL ne. Idan ka samu wadda ke karɓar tsari fiye da ɗaya, ita ta fi, musamman ga mai tsofaffin kaset-kaset daga Nijar, inda aka yi amfani da SECAM.

Tun kana bayan nata, ka nemi ramukan shigar hoto da sauti, wato rawaya da fari da ja waɗanda aka rubuta wa IN, ko babban ramin SCART. Tsohuwar na'ura ba ta kama tashoshin dijital da kanta, don haka ta waɗannan ramuka ne za ka jona dikoda. Wadda ke da ramukan fita kaɗai ta kallo ce, ba za ta naɗa maka komai daga dikoda ba.

Sai batun kai, wato ɓangaren cikin na'urar da ke naɗar hoto a kan zaren kaset yana kuma karanto shi. Mai kai biyu ya wadatar idan a gudun SP, wato gudun zare na yau da kullum, za ka riƙa naɗa, inda kaset E-180 ke ɗaukar awa uku. Wanda yake son ya ninka shi zuwa awa shida a gudun LP, wato gudun da zaren ke tafiya a hankali, gara ya nemi mai kai huɗu, kuma alamar Hi-Fi tana nufin sauti mafi tsabta.

Gwaji shi ne matakin da bai kamata a yi gaggawa a kansa ba. Ka je da kaset ɗinka wanda ba za ka ji zafin rasa shi ba, ka sa a jona na'urar da talabijin a gabanka. Ka lura ko tana karɓar kaset ba gardama, sannan ka naɗi shiri na minti biyar, ka tariyo baya ka kalla. Hoto mai dishi-dishi yakan zama ƙura ce a kai, abin da mai gyara zai wanke, amma idan an wanke bai washe ba, kan ya cinye, kuma samun sabo yanzu wahala ne. Bayan haka ka tariya kaset ɗin har ƙarshe, ka fitar da shi, ka ɗaga murfinsa ka duba zaren. Zaren da ya yamutse a gefe alama ce robar da ke jan sa ta tsufa, kuma irin wannan na'ura ce ke tauna kaset ɗin biki da ba shi da kwafi.

Kada ka biya kuɗi sai an ba ka rimot ɗinta na asali, domin a yawancinsu da shi ake saita agogo da lokacin naɗa. Ka zare ta daga wuta na mintuna kaɗan, ka mayar, ka ga ko agogon ya riƙe lokaci, tunda a inda ake yawan ɗauke wuta, na'urar da ke mantuwa za ta bar shirin ya wuce ba ta naɗa ba.