Sofbol da Neman Jami'a a Amurka: Yadda Nake Yi da 'Yan Matan Ƙungiyata

'Yata ta biyu tana da shekara tara ranar da ta dawo gida, nan Columbus a jihar Ohio, da takarda a hannu wai tana son buga sofbol. Ni da na tashi a Kano, ƙwallon ƙafa da langa kawai na sani. Na kai ta fili na zauna a benci. Bayan shekara biyu aka rasa mai ɗaukar bokitin ƙwallaye, aka nuna ni. Yau ni ne kocin ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 16, irin masu yawo gari-gari zuwa gasa a ƙarshen mako. Bayan sallar Juma'a iyaye kan tare ni da tambaya ɗaya: "Malam, wasan nan zai biya wa yarinya jami'a?"

Ga wanda bai taɓa gani ba, sofbol ƙanwar besbol ce. Mai jifa tana wulwula hannu ta saki ƙwallo ta ƙasa. Tazararta da mai bugu ƙafa 35 ce ga 'yan shekara 10, ƙafa 40 ga 'yan 12, daga 14 har jami'a kuwa ƙafa 43. Tsakanin matsaya da matsaya ƙafa 60, wasa zagaye bakwai.

Nakan zaɓi yara a ƙarshen bazara, kuma ba na wuce 13. In suka yi yawa benci ya cika da masu ɓacin rai, in suka gaza 11 rauni ɗaya ya isa ya rusa mana Lahadi. Masu jifa uku, masu cafewa biyu, wannan ba na sassautawa, domin a gasar Yuli ana iya buga wasa huɗu a yini ɗaya cikin zafin rana. Kafin atisaye na farko nakan tara iyaye na ba kowa takarda: kuɗin shekara nawa ne, otal da mai a wuyan wa suke, ranar Asabar kowa zai buga, ranar Lahadi da ake sallamar wanda ya faɗi ni zan zaɓi tara. Mai ƙorafi ya bari sai an kwana kafin ya kira ni. Yarinyar da ke sa hijabi, ni nake zuwa wurin alƙalin wasa tun kafin a fara don kada a tsayar da ita a gaban jama'a. In azumi ya faɗo cikin kakar wasa, atisayenmu ya koma dab da shan ruwa.

Gasa iri-iri ce, a ƙarƙashin ƙungiyoyin shirya gasa irin su USA Softball, USSSA, PGF da Triple Crown. Manyan da kowa ke zance su ne na jihar Colorado a makon 4 ga Yuli da na PGF a Huntington Beach ta Kalifoniya. Na taɓa kwasar 'yan shekara 14 muka yi tafiyar awa tara a mota zuwa wata gasa da aka cika mana baki cewa kocin jami'o'i za su yi dafifi. Sun zo kuwa, amma filayen manya suka tsaya, mu aka jefa mu wani fili can bayan gari inda ba mai kallo sai iyayenmu. Tun daga nan, kafin na biya kuɗin shiga, sai na tambayi a wane fili za mu buga, kuma waɗanne makarantu daga cikin waɗanda yarana ke so suka saba zuwa.

Wurin da iyaye suka fi ruɗewa shi ne lokaci. Kafin 2018 yarinya 'yar aji 8 (a nan aji 12 ne ƙarshen sakandare) tana iya yi wa babbar jami'a alkawari. A shekarar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta hana: kocin rukuni na ɗaya, wato D1, ba zai yi maganar ɗauka da yarinya ko iyayenta ba sai 1 ga Satumba na aji 11, kuma ba zai aiko da tayi ta bakina ba. Kallo dai yana yi. Saboda haka in 'yarka ta aika saƙo tana aji 10 aka yi shiru, ko aka amsa da gayyatar sansanin horo kawai, ba ƙi ba ne, doka ce.

Aiki mafi nauyi a wuyana shi ne gaya wa uba matakin 'yarsa. Kowa ya kalli gasar ƙarshe ta jami'o'i a Oklahoma City a talabijin, ya ga jami'ar Oklahoma ta koci Patty Gasso ta ɗauki kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, sai ya ga ai can 'yarsa za ta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mai jifar da ba ta kusanci gudun mil 60 a awa ba tana aji 11, manyan D1 ba za su waiwaye ta ba, kuma gara ta ji daga bakina da ta ji daga shirun waya. Ba D1 kaɗai ba ce makaranta. A nan Ohio akwai Ohio State da Kent State da Toledo a D1, akwai Ashland da Findlay da Ohio Dominican a D2, akwai Otterbein da Capital da Denison a D3. Ga makarantun NAIA, wata hukumar wasanni daban ta ƙananan jami'o'i, ga kwalejojin shekara biyu inda yarinya za ta buga ta ƙware sannan ta wuce gaba da kuɗi kaɗan. Kowace yarinya nakan sa ta rubuta makarantu 20: biyar na buri, goma daidai ita, biyar da ko yau za su karɓe ta.

Maganar kuɗi kuwa, a daina mafarkin karatu kyauta. Shekara da shekaru ƙungiyar D1 tallafin mutum 12 take da shi, ana yayyanka shi ga yara sama da 20. A D2 ma 7.2 ne. Daga 2025 makarantun D1 da suka shiga sabon tsarin biyan 'yan wasa an cire musu wannan iyaka, an ƙayyade musu 'yan wasa 25, sai dai izinin bayarwa daban, samun kuɗin bayarwa daban. D3 ba ta ba da tallafin wasa ko sisi, amma tana ba da na ƙoƙarin karatu da na ƙarancin hali, kuma na ga yarinyar da lissafinta a D3 ya fi sauƙi a kan tayin da aka yi mata a D2. A cike fom ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnati, da wuri.

Shi ya sa nake duba sakamakon makaranta kamar yadda nake duba bugu. NCAA tana son darussa 16 na tushe, da matsakaicin maki aƙalla 2.3 a D1, 2.2 a D2, kuma a D1 goma daga cikinsu a gama kafin shiga aji 12. Ta daina neman jarrabawar shiga jami'a ta SAT da ACT tun 2023, ko da yake wata jami'ar tana iya nema don kanta. Yarinyar da ta fara sakandare a Kano ko Kumasi ko Maraɗi kafin a kawo ta nan, a nemo takardunta na can tun tana aji 10 a aika wa cibiyar tantancewa ta NCAA. Neman takarda daga gida kun san ba aikin mako ɗaya ba ne.

Imel kuwa yarinya ce za ta rubuta da hannunta. Ba uba ba, ba ni ba. A kan saƙon: sunanta, shekarar gama sakandare, gurbin da take bugawa, makinta. A ciki, jimla biyu kan dalilin son wannan makaranta musamman, jadawalin gasar da ke tafe da lambar rigarta, sai bidiyo na minti biyu ko uku, ba kiɗa, ba ado, mafi kyawun abin a farko. Ta sake aikawa kafin kowace gasa. Wani uba a ƙungiyarmu ya biya wani kamfanin neman gurbi kuɗi masu tsoka, suka watsa saƙo iri ɗaya ga ɗaruruwan makarantu, wani ma da sunan wata jami'ar daban a ciki. Alhali rabin kuɗin ya isa ya kai 'yarsa sansanin horo uku a makarantun da ke jerinta, inda koci zai tsaya a bayanta awa huɗu yana kallo.

In an kira ziyara, tambayoyi na aljihunta. Mutum nawa ne a gurbina? Nawa kuke ɗaukowa daga wasu jami'o'i, tunda tun 2018 akwai rumbun masu neman sauya makaranta? Tallafin na shekara ɗaya ne ko na huɗu? Mai son karatun jinya ta tambaya ko an taɓa samun 'yar wasa da ta haɗa shi da tafiye-tafiyen gasa. Namu yaran su ƙara da abincin halal da wurin sallah. Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa, koci na iya barin aiki gobe. Abin da ke ɗaurewa shi ne takardar tallafi da ake sa wa hannu daga Nuwamba na aji 12, kuma nakan ce a kawo mini na karanta kafin biro ya taɓa ta.

A daren 31 ga Agusta nakan kira 'yan aji 11 ɗaya bayan ɗaya, na ce su caja waya, su tanadi takarda da biro. Wasu za a kira su tun da sassafe. Sauran kuwa ranar 2 ga wata muna zaune da su a teburin bayan fili, mun buɗe jerin nan na 20, mun fara daga na shida.